Tukwicin Bidi

Funtua, 3 ga Nuwamba

Baffa Almustapha,

A duk zuri'ar kakanmu, mutum nawa suka rage da turken doki a ƙofar gida? Ka duba ka gaya mini. Ni na duba, kai kaɗai na samu.

Na san ba haka ake buɗe wa babba wasiƙa ba, Inna ma ga ta nan tana hararata. To, assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Hajiya da Amatullahi da sauran mutanen gida. Yaya ƙarfin jiki, yaya kunnen? Inna ta ce a gaya maka ciwon ƙirjin ya yi sauƙi. Ni ma lafiya lau, in dai ɗinkin buhu a kasuwar hatsi daga safe zuwa la'asar lafiya ce.

Rubutu na yi don waya ba ta yi mana amfani. In na yi magana ka ce ba ka ji, in na ɗaga murya a ce na yi wa babba tsawa. Haladu direba zai kawo, Amatullahi ta karanta maka. In ta ga kuskure ta haɗiye dariyarta, ban zauna a aji ba, a jikin buhunan taki da tsofaffin jaridu na koyi bokona.

Maganar Bidi ce, dokin Baba. Tun da Baba ya rasu muka dawo Funtua yake ɗaure a bayan gidan da muke haya, tsakanin kwata da katanga. Maƙwabta sun ce ƙuda ya dame su. Mai gida ya ce shago zai gina a wurin, ya ba mu zuwa ƙarshen wata.

Ka san dokin nan, amma bari in tuna maka. Ya haura shekara ashirin. Shi ya kai Baba duk ƙauyen da aka kira shi ɗori, da rani da damina, ya ƙetare rafin da babur ke tsayawa yana kallo. An sha ɗora masa mai karaya ya taka da shi a hankali har gida, mutum bai ce wash ba. Ya ɗauki buhun masara, ya kori shanu daga gona, ya kai angwaye. Najiba ƙanwata tana shekara shida ta hau shi ita kaɗai ta je rijiya ta dawo. Haƙoransa sun cinye, ba ya iya gero busasshe, amma ƙafafunsa huɗu lafiya, kuma har yau bai taɓa harbin kowa ba.

Masu saye sun zo. Ɗaya bai duba haƙori ba, bai duba kofato ba, cinya ya matsa kamar mai zaɓen rago. Na san inda motarsu take kai tsofaffin dawaki, kuma na san a tukunya tafiyar take ƙarewa. Abin da na faɗa masa ba zai rubutu ba.

Malam Abdulrahman, makiyayin nan da Baba ya taɓa ɗora wa ƙugu, ya zo har gida ya ce a ba shi ya riƙe a cikin shanunsa har Allah ya yi ikonsa. Inna ta hana. Ta ce sai a ce Malam Aƙilu ya mutu ba shi da dangi, alhali ɗan ƙanin ubansa yana Ƙarfi da turke da harawa har rufin ɗaki.

Don haka amana nake so in kawo maka, da sharaɗi uku. Ba za a sayar da shi ba. Ba za a yi sukuwa da shi ba. Ba za a sa masa linzami ba, da ragama kaɗai Baba yake hawansa shekara goma. In ba za ka iya ba, ka ce ba za ka iya ba. Ba zan ji haushi ba, ko in ce ba zan ji fiye da wanda nake ji kullum ba.

Ɗanka,
Awaisu

Ƙarfi, 8 ga Nuwamba

Ɗana Awaisu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, kunne sai godiya. A gaida Hajjo mahaifiyarka, a ce ina yi mata sannu da jiki.

Na ji takardarka. Bakinka na Aƙilu ne sak, sai dai shi yakan bari ya zauna kafin ya fara faɗa. Ni da mahaifinka tabarma ɗaya muka kwana muna yara, dokinsa ba zai rasa turke ba ina da rai. Hajjo ta yi gaskiya da ta hana a kai shi ruga. Ka kawo shi. In ka zo ranar Juma'a ya fi, jama'a suna nan.

Allah ya yi maka albarka, ya sanyaya maka zuciya.

Baffanka,
Alhaji Almustapha

Amatullahi ce ta rubuta. Yaya Awaisu, ban yi dariya ba, sai sau biyu.

Funtua, 17 ga Nuwamba

Baffa,

Assalamu alaikum. Na iso gida lafiya, ƙafafuna ne kawai suka kumbura, don rabin hanyar zuwa jan Bidi na yi, ban hau ba. Ina gaida kowa. A ce wa Hajiya tuwon nan har yanzu ina tuna shi.

Ban iya godiya da baki ba, shi ya sa ranar na tsaya kamar gunki. Na iso ana saukowa daga masallaci, rigata ta jiƙe da gumi, ƙafata duk toka. Ka fito ka kama ragamar da hannunka, ka aika aka ɗauko farar riga sabuwa ka ɗora mini a kafaɗa a gaban mutane. Liman ya yi addu'a, dattawa suna ta cewa Allah ya sanya alheri. Na ce a raina, mutumin nan ya ga tsummana ya rufa mini asiri. Tun da Baba ya rasu ba wanda ya yi mini haka. Inna ta daɗe tana kallon rigar, sannan ta ce an gode.

Ga abin da na manta ban faɗa ba. A jiƙa masa gero tun da safe kafin a ba shi. Kanwa kaɗan, sau biyu a mako. In ya tsaya yana ɗaga ƙafar baya ta hagu ba ciwo ba ne, so yake a duba masa tsakuwa. Ba ya son a zo masa ta dama ba magana, idon wajen ya fara hazo.

Shekaranjiya mai gida ya tone turken. Na tsaya ina kallo ban ce komai ba, ka ga na fara gyaruwa.

A rubuto mini yadda yake.

Awaisu

Funtua, 11 ga Disamba

Baffa,

Sallama. Ina fata kuna lafiya, tunda ba wanda ya rubuto ya ce ba haka ba. Mako uku ke nan. Duk ranar da Haladu ya shigo tasha ina tsaye, har ya fara canza hanya in ya hango ni.

Yau wani abokin aikina ya miƙo mini wayarsa yana dariya, wai in ga hawan angwanci a Malumfashi. Samari ne a kan kwalta, babura suna bin su da hon. A tsakiyarsu ga wani farin doki an lafta masa kaya masu ƙyalli, wani ƙato a kansa yana zabga masa bulala, yana fizgar linzami, bakin dokin a buɗe da jan kumfa. Na mayar da bidiyon baya ya fi sau goma ina neman abin da zai ce mini ba shi ba ne. Tabon wuyansa yana nan. Yadda yake karkata kai don ya ga dama yana nan.

Na kira wayarka har na gaji. Hajiya ta ɗauka ta ce kana hutawa. Na ƙara kira, ta ce har yanzu kana hutawa. Na buga wayar da ƙasa, yanzu ba ni da waya, sai a bi ni da takarda.

Me Bidi yake yi a Malumfashi? Wa ya sa masa ƙarfe a baki? Ko aro ka bayar, ai na rubuta maka, kuma da Hausa na rubuta.

Awaisu

Ƙarfi, 16 ga Disamba

Awaisu,

Bayan gaisuwa. Muna lafiya. Na yi kwana biyu da zazzaɓi, shi ya sa ka ji shiru. A gaida Hajjo.

Na ji zafinka, kuma zan yi maka bayani don kai yaro ne, ba don ana tuhumata ba. Ranar da ka kawo doki, a gaban liman da dattawan unguwa na kama ragama, na ba ka tukwici, ka karɓa da hannu biyu. Ba a ba da tukwici a kan ajiya. Wanda ya kawo amana ruwa ake ba shi ya sha, a kira mutum biyu su ji sharaɗi, ya tafi. Wanda aka ɗora wa riga ya karɓa, kyauta ya kawo. Kowa a wurin haka ya gani, kuma addu'ar da aka yi ta kyauta ce. In da a ranka ba haka ba ne, da ka ajiye rigar ka yi magana. Na ga ka karɓa, na ce yaron ya sake shawara a hanya, ya girmama ni.

Da ina kwance Alhaji Ɗanjuma mai taki ya zo duba ni da jama'arsa. Da zai fita ya tsaya a turke ya yabi dokin. Ya taka, ya dawo ya sake yabawa. Ya kai bakin mota ya waiwayo ya yaba na uku. Mutum irin wannan, a ƙofar gidana, a gaban mutanensa da nawa, me zan ce? Na ce naka ne, Alhaji. Ban sayar ba, ko allura ban karɓa ba. Gidansa ya fi nawa hatsi. Abin da ɗansa Zaharaddeen yake yi da dokin ban sani ba, kuma ba zan aika gidan mutum in tambayi yadda yake riƙon abin da na ba shi ba.

Ka yi haƙuri. Dabba ce, mu da muka rasa Aƙilu ma mun haƙura.

Baffanka

Yaya Awaisu, wannan daga ni ne, Baba bai san na ƙara ba. Na karanta masa sharuɗɗanka ukun nan, har ya ce in maimaita. Ranar rigar na leƙo ta zaure ina girgiza maka kai, kai kuwa kana can kana kallon ɗinkin wuya. Don Allah kada sunana ya fito. Amatullahi.

Funtua, 21 ga Disamba

Baffa,

Assalamu alaikum. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Inna tana lafiya. Ban gaya mata komai ba saboda ƙirjinta.

Ga rigarka a cikin ledar nan, sau ɗaya na sa ta. Na yarda ni jahili ne. Na iya karanta takardar maganin feshi har ƙananan rubutun da ke ƙasa, ban iya karanta riga ba. Baba bai taɓa kai wa kowa kyautar doki ina gani ba, balle in koya. Amma kai ka san abin da na rubuta, ka san abin da rigar take nufi, ka kuma ga fuskar wanda bai sani ba. Kalma ɗaya ta isa: Awaisu, kyauta ce ko ajiya? Ba ka tambaya ba.

Na je Malumfashi. Na same shi a bayan shagon taki, ɗaure a rana, an zuba masa busasshen gero a ƙasa yana ta shinshinawa. Gefen bakinsa ya tsage. Gadon bayansa ya yi miki biyu, don sirdin ba nasa ba ne. Haƙarƙarinsa sun fito. Na kira shi ta hagu, ya ɗago ya sa hancinsa a ƙirjina. Zaharaddeen ya fito yana sakace, ya ce, "Kai ne mai tsohon? Wallahi ya ba mu kunya. Sau biyu yana durƙusawa da ango." Na sa hannuwana a aljihu na danne su. Ka rubuta wannan a cikin alherina.

Na jira Alhaji Ɗanjuma har la'asar. Na durƙusa, ni Awaisu, na yi masa bayani. Bai yi mini wulaƙanci ba. Ya ce, "Samari, ni ban san ka a maganar nan ba. Hannun da ya ba ni shi zai karɓa. In na miƙa maka, na zubar wa Alhaji Almustapha da mutunci, kamar na raina kyautarsa. Ya aiko, ko da takarda ce, ya ce yana son abinsa, yau ɗin nan a kwance maka. Ni dokin bai dame ni ba, yara ne suke wasa da shi."

Ka ji. Shi yana tsare mutuncinka, kai kana tsare nasa, doki yana tsakiya yana zubar da jini.

Daga can na wuce wurin Malam Abdulrahman. Bai ce ai na faɗa ba. Ya nuna mini inuwar tsamiya inda zai kafa turke, ya ce matarsa ta iya maganin miki. Gida ya samu, Baffa. Saura layi ɗaya daga gare ka. Ba sai ka je ba, ba sai ka haɗa ido da kowa ba. Amatullahi ta rubuta, ka sa hannu, ni zan kai. In kana so ka ce ni ne mahaukacin da ya tayar maka da hankali, ka faɗa, gaskiya ce ma.

Ban taɓa roƙonka komai ba sai turke. Yanzu ina roƙon layi ɗaya.

Awaisu

Ƙarfi, 27 ga Disamba

Yaya Awaisu,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna Hajjo da Najiba. Ni ce Amatullahi, da kaina.

Na karanta wa Baba takardarka. Ya ce shekararsa saba'in bai taɓa bin sawun kyauta ba, ba zai fara a kan doki ba. Na ce to in rubuta wa Alhaji Ɗanjuma a bakina, ya ce in na yi bai yafe ba. Rigar tana cikin akwatinsa.

Abin da ya sa na rubuto: matar Zaharaddeen ƙawata ce. Ta ce bukukuwa sun ƙare, ranar biyu ga watan gobe zai kai dokin kasuwar dabbobi, ubansa ya ce ya yi yadda ya ga dama. In kun riga masu motar kudu zuwa, kai da Malam Abdulrahman, ƙila a dace, tunda a kasuwa ba ruwan kowa da hannun da ya bayar. Na kira lambarka ba ta shiga, sai na tuna abin da ka yi wa wayar. Kai ma dai, Yaya.

Zan ba Haladu gobe da sassafe. Ka yi sauri.

Funtua, 9 ga Janairu

Alhaji Almustapha,

Assalamu alaikum. Inna tana gaishe ka. Ta ce a yi maka godiya a kan riƙon Bidi, a tambaya ko ya yi ƙiba. Jiya ma ta ƙulla kanwa a tsumma ta ce in ba Haladu ya kawo masa. Na karɓa na ce to.

Labarin ranar kasuwa ya same ni, ba ruwanka da ta inda ya biyo. Ranar shida ga wata ya iso, kwana huɗu bayan an gama. Motar Haladu ta kwana tara a gareji, saƙon yana cikinta. Da ina da waya da ba a yi haka ba. Wannan laifina ne, na ɗauka, kamar yadda na ɗauki na rigar.

Duk da haka mun je, ni da Malam Abdulrahman. Ya jawo bijiminsa guda, wai ko za a yi musanya. Dattijo da ƙugu ɗorarre, ya taka tun asuba. Muka tarar da fili, sai kashin dabbobi da turaku. Wani mai sayar da harawa ya gane wanda muke nufi tun kafin in gama kwatance. Ya ce, "Farin tsohon nan mai miki a baya? Ai na gan shi. Sauran sai da aka ɗaure musu ido, mutum huɗu suna turawa ana duka. Shi kuwa mutumin ya ja igiya kawai, ya ce taho, ya taka katakon nan a hankali ya shige motar da kansa. Har direban ya ce wannan ɗan gidan mutunci ne."

Malam Abdulrahman ya juya ya kama igiyar bijiminsa. Ya ja shi, suka nufi ruga.

Ka ce dabba ce. Na ji. Ba zan kai ka wurin alƙali ba, na tambaya an ce ba ni da gaskiya, na karɓi tukwici a gaban shaidu. To, tunda abin da aka yi a gaban jama'a shi ne kaɗai yake zama magana a wurinku, ni ma na koyi karatun.

Ranar Juma'a mai zuwa zan zo Ƙarfi. Zan zo da Inna, don ni na gaji da yi mata ƙarya, kuma ita ce ta ce dangi sun fi bare. In an sauko daga masallaci zan tsaya a ƙofar gidanka, gaban liman da dattawan da suka yi addu'a. Zan fara da kaina, in faɗi wautata da bakina, kowa ya yi dariya ya more. Sannan in karanta wasiƙata ta farko da ƙarfi, yadda ko kunnenka zai ji. Sannan in karanta wadda na roƙi layi ɗaya. Duk na ajiye kwafinsu.

Kada a ce mini kana hutawa. Kada a ja ni zaure a ce a yi magana a cikin gida. Kada a aiko mini da dattijo ya ce in yi haƙuri, haƙurin ya shiga mota.

Kwana goma sha biyu ne tsakanin roƙona da ranar kasuwa. Alƙalami yana gidanka, mai rubutu tana gidanka, mutumin ya ce ko takarda ce ya karɓa. Ka fito ka dubi matar Aƙilu, a gaban mutanen Ƙarfi, ka gaya mata abin da ya hana ka.

Awaisu ɗan Malam Aƙilu maɗori